Mutanen Mashayar Unguwa

A 1961 aka buɗe rukunin gidajen Park Hill a Sheffield ta Ingila, gidaje kusan dubu a kan tudu, da mashaya har huɗu, don kada ma'aikacin ƙarfe ya sha wahalar neman inda zai ƙarar da albashinsa. Wadda ta fi suna ita ce Scottish Queen, sunan kuwa ba na alheri ba. Duk huɗun sun rufe, amma kowace mashaya irinsu da mutanenta.

Akwai mai kujera. Ba shi ya saye ta ba, amma baƙon da ya zauna a kanta zai ji wurin ya yi tsit. Kofi ɗaya yake lallaɓawa tun magariba har a kaɗa ƙararrawar tashi wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yana kukan an tsauwala farashi.

Sai gwanin fitsari. Al'adar mashaya ita ce kowa ya saya wa abokan zama giya bi da bi. Shi wannan zai sha na kowa, da layi ya zo kansa sai mara ta murɗa. Idan ya dawo ya tarar wani ya biya, har ɓata rai yake: "Haba, ai da kun jira ni!"

Malamin ƙwallo kuwa bai taɓa gudun minti biyar ba, amma ya san abin da ke damun ƙungiyar Sheffield Wednesday fiye da kocinta. Kusa da ƙofa ga mai jaka, yau nama, gobe agogo, kuma ba a tambayarsa rasit.

Sama da su duka akwai uwar ɗaki, mai mashayar, wadda harararta ke raba ƙarti biyu kafin a kira 'yan sanda.

Aikin ƙarfe ya ja baya a shekarun 1980, aka hana shan taba cikin mashaya a Yulin 2007, manyan kantuna suka karya farashin giya. Daga nan aka sami nau'i na ƙarshe, mai makoki. Ya fi kowa ba da tarihin wurin, yana rantsuwa an kashe zumuncin unguwa. A bincika, shi ne ya fara sayen gwangwanayensa a kanti yana sha a falo gaban talabijin. Da hannunsa a rufewar.