Ku da Kuke Cewa Raki Ne

Masu cewa mai amosanin jini raki ne ya yi masa yawa, ku matso, yau da ku nake. Na san hujjarku: "Jiya fa na gan shi a Bukan Sidi yana ƙyalƙyala dariya, yau an ce yana kwance a asibitin Dalhatu Araf." Sannunku da bincike. Ashe ciwo sallama yake yi kafin ya shigo gida.

Ƙwayar jininka, Malam, takan yi kwana 120 tana aiki. Tasa da ƙyar take kai kwana 20, ga ta tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Duk inda jini ya kasa isa, nan azaba ke sauka: baya, ƙirji, ƙugu, gwiwa. Babu miki balle ka gani ka yarda. Amma kai da haƙori ɗaya ya hana ka buɗe shago, har makwabta suka zo dubiya, kai ne alƙalin juriya?

Gorar ruwan da ba ya rabuwa da ita, ba gayu ba ne. Zafin Lafia na watan Maris na iya busar da jiki ya tayar da ciwon. Rigar sanyi da safa a hunturu, ba iyayi ba ne. Ruwan sama ya tare shi a kan acaɓa, daren nan ba lallai gidan su runtsa ba. Kullum folic acid, kullum gidan sauro, ga Hydroxyurea idan likita ya rubuta kuma aljihu ya yarda. In ciwon ya motsa, a gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi, a danna, a ba shi magani. In ya ƙi, sai asibiti: ƙarin ruwa, allura, wani lokaci har ƙarin jini. A nan ne Hajiya ke taɓe baki wai yaron ya san sunan allura, ko dai ɗan ƙwaya ne. Haba Hajiya, wanda ake yi wa allura tun yana goye, so kike ya kasa riƙe sunanta?

Baba kuma ya ce iska ce, ko ɗan wabi. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara. Lallai aljanun nan ba su da hutu. Gado ne, Baba. AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lafiyar ɗan fari ba ta kare na biyu. Kano ta mai da gwajin jini kafin aure doka a 2024.

Ku je a gwada kafin a kai kuɗin gaisuwa. In kuma makwabcinku ya ce ciwo ya tashi, a ajiye muhawara a nemo Keke.