Masu Cigiyar Raxxla da Masu Taɓe Baki

Na san tun daga take wasunku suka fara taɓe baki. Raxxla kuma? Abin ci ne ko sabon maganin sauro? Gyara zama, Malam, ba a yi wa baƙo shari'a tun bai sauke kaya ba.

Raxxla sunan wata duniya ce da ake cigiya a cikin wasan kwamfuta mai suna Elite Dangerous, wanda kamfanin Frontier na birnin Kambirij a Ingila ya fitar a Disambar 2014. Ta intanet ake yin sa. Za a ba ka ɗan ƙaramin jirgin sararin samaniya da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, a sake ka. In ka ga dama ka yi fatauci, in ka ga dama ka yi farautar 'yan fashi, in kuma halinka ne ka zama ɗan fashin da kanka. Filin wasan taurari ne kimanin biliyan 400, kuma bayan fiye da shekara 10 ana yawo, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba a leƙa ba. Sunan Raxxla ma ya girmi wannan wasan. A 1984, da David Braben da Ian Bell suka fitar da Elite na farko, sun haɗa shi da wani ɗan littafi na Robert Holdstock mai suna The Dark Wheel, a nan aka ambaci wata ɓoyayyiyar duniya mai ƙofar da ke kai mutum wasu sammai. Yaron da ya karanta wannan yana ɗan makaranta, yau ya yi furfura, wataƙila har da jikoki, kuma bai fasa nema ba.

Na ji abin da ka ce: aikin banza, makaho da waiwaye. Madalla. Amma wane ne wancan da na gani a teburin mai shayi, shayinsa ya huce, jijiyar wuya ta tashi, yana rantsuwa ya san inda Sumayya za ta ƙare a Labarina? Wa ya kwana yana lissafin wanda zai hau kujerar gwamnan Alfawa a Kwana Casa'in, jihar da babu ita a taswira? Ke ma Hajiya kada ki yi dariya, na san wadda ke kiran ƙawarta bayan isha'i don su yanke wa jarumin fim matar da zai aura. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bambancinku da masu cigiyar Raxxla ɗaya ne, kuma ba zai yi muku daɗi ba: su hasashensu ya taɓa haihuwa.

A 2015 'yan wasan suka fara tsintar wani abu a sarari, ba jirgi ba, ba dutse ba, kuma in ka saka shi a ma'ajiyar kaya sai ya riƙa cin jirginka kamar gara. Yana kuma fitar da wani irin kuka mai ƙyaƙ-ƙyaƙ. Kai da ni da mun ce ƙarar inji ce mu wuce. Su kuwa sai suka naɗi sautin, suka toshe kunne da abin sauraro, suna maimaitawa har suka gano ashe saƙon Morse ne, irin ɗige da jan layin da masu tangaraho ke bugawa a da, kuma sunan wurin da ya fi kusa da shi yake faɗa. Wani ya lura cewa in ka saki abin a sarari, a hankali yake juyawa ya fuskanci waje guda, kullum waje guda, wato tauraron Merope. Merope ɗin nan ba ƙirƙira ba ce. Tana cikin Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da kakanninmu ke dubawa su san inda damina ta kwana. Nan mutane suka yi dafifi, suna sauka kan duwatsu ɗaya bayan ɗaya, har a farkon 2016 suka ci karo da wasu tsire-tsire masu kama da ƙaho a wata duniya da ke zagaye tauraron. Daga baya wani abin ya sake bayyana, shi kuma da aka zuba kukansa a manhajar da ke mayar da sauti hoto, sai ga zane ya fito, da da'ira da layuka.

Duk tsawon wannan lokaci masu hasashe suna cewa Thargoid ne za su dawo, wato halittun nan masu kama da ƙwari da suka addabi 'yan wasa tun a 1984. Masu taɓe baki, don su ma suna da nasu a can, suna cewa mafarki ne. Ran nan a Janairun 2017 aka fizgo wani ɗan wasa daga tsakiyar tafiya, wutar jirginsa ta ɗauke ɗif, sai ga wani ƙaton abu kamar fure mai kunnuwa takwas ya zo ya leƙa shi, ya juya ya tafi abinsa. Malam, a ranar da wane ido za ka kalli wanda ka yi wa dariya?

Ka kuma duba wannan. Kai in ka gama hasashenka, Aminu Saira mai shirya Labarina bai san kana yi ba, abin da ya shirya shi za ka kalla. Su kuwa a kan miƙa musu alƙalamin. A Afrilun 2017 marubuci Drew Wagar ya sako wata jarumar littafinsa, Salomé, cikin wasan, za ta yi tafiya ta je ta tona wani asiri, ya ce duk abin da ya same ta a hanya shi zai shiga littafi na gaba. Dubban mutane suka fito rakiya, an yi makonni ana tsara wa zai tsaya ina. Ashe ɓarawon yana cikin gida. Wani da ya laƙaba wa kansa suna Harry Potter ya lallaɓa ya samu shiga cikin masu gadin, da ya ga sarari ya harbe ta. Haka aka rubuta a littafin Premonition, ba a yi wa kowa alfarma ba. A 2022 ma, da wasu fitilu suka bayyana can nesa suna matsowa, 'yan wasa ne suka riƙa auna tafiyarsu suna lissafin inda za su sauka, kafin su fara isowa a ƙarshen shekarar su zama manyan jiragen Thargoid guda takwas. Sai a Disambar 2024 aka ga bayan na ƙarshensu, bayan ya zo har ƙofar Duniya.

To, kada ku ce na zama lauyansu. A kan Raxxla kam, wasunsu sun sha ruwa sun ƙoshi. Tun da kamfanin ya saka 'yan bayanai masu harshen damo a kundin wasan a 2018, aka shiga tonon tatsuniyoyin Girka, ana ƙirga haruffan sunaye, ana juya taswira sama ta koma ƙasa. Wannan ya ce tana bayan tauraron Polaris, tunda an kulle shi ba a shiga. Wancan ya ce a'a, tana nan kusa da gida, mun wuce ta sau dubu ba mu gani ba. Akwai waɗanda suka ɗauki alwashin bincike taurarin da ke maƙwabtaka da ranarmu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman allura a rumbun gero. In kamfani ya kashe na'urorinsa don gyara, sai ka ji an ce akwai magana a ciki. Ko kuskuren rubutu aka yi a labaran wasan, wani zai ce ishara ce.

Kuma na yarda da ku a kan abu guda, Alhaji, tunda kai ɗan kasuwa ne: cigiyar da ba ta ƙarewa riba ce ga mai shago. Muddin ba a ga Raxxla ba, akwai wanda zai kunna wasan gobe. Amma haka kakarka ta yi maka da tatsuniyar Gizo, ta kai daidai inda kura ta buɗe baki ta ce barci take ji, sai gobe. Ban ji ka kai ƙararta wurin mai unguwa ba. Washegari tun kafin a gama cin tuwo kana kan tabarmarta.

Saboda haka in sanyi ya shigo, sama ta washe, ka fito tsakar gida ka ɗaga kai ka nemi Kaza da 'Ya'yanta. Ɗaya daga cikin 'yan tsakin nan ita ce Merope. In ka samu kanka kana tambayar wacce ce a ciki, to sannu da zuwa, kai ma ka shiga layi. Raxxla dai har yau ba a gan ta ba, in ka riga su ka aiko mana.