Bakano, gajimare ya tafi da littafin bashi

Alhaji Bakano, bawana, labarinka ya iso Zariya tun kafin ka gama salati. An ce ranar Asabar ka buɗe kwamfutar shagonka a Kantin Kwari za ka duba masu riƙe da kuɗinka, lissafi ya ƙi buɗuwa, ka tara yaran shago ka ce yau sai an yi rantsuwa. Can wani yaro ɗan sakandare ya leƙa ya ce, "Alhaji, ai yana gajimare, data ce ta ƙare." Kai kuwa ka fito bakin shago ka ɗaga kai sama, ana tsakiyar hunturu, ko ɓurɓushin hadari babu.

To gyara zama, malaminka zai ɗora maka karatu kamar yadda kakanninmu suka saba yi wa naku.

Wannan gajimaren ba ya zubar da ruwa. Manyan gine-gine ne shaƙe da kwamfutoci, ana hura musu sanyi dare da rana, wasu a Amurka, wasu a Turai, Microsoft ma ta buɗe nata a Afirka ta Kudu a 2019. Ranar da ka sayi kwamfutar, mai saita maka ita yana ta danna "na yarda" kai kana can kana ciniki a waya, a ranar aka ɗaura wa takardunka aure da OneDrive, gajimaren Microsoft, ba waliyyi ba goro. Tun daga nan abin da ka ajiye can yake tarewa. A 2025 kuma kamfanin ya sanar cewa sabon Word na Windows zai riƙa kai kowace sabuwar takarda gajimare kai tsaye, sai fa in mutum ya canza da hannunsa.

In ka tambaye su dalili, za su ce don kada ka yi asara ne, kuma ba su yi ƙarya ba. A ɗauke wuta kana tsakar rubutu, ɓarawo ya sungume kwamfutar, shayi ya kife a kanta, ko gobarar kasuwa, Allah ya kiyaye, lissafinka yana nan. Kana Dubai wajen saro kaya ma sai ka buɗe shi a wayarka.

Amma abin da ya sa nake dariya har da hawaye shi ne dalili na biyu, don da dabarar kasuwa aka kama Bakano. Microsoft tana ba ka gigabait 5 kyauta, Apple ma 5, Google 15. Alhaji, wannan ai ɗanɗanon mai kilishi ne. Hotunan biki da bidiyon jikoki suna cika wurin, sai saƙo ya zo cikin ladabi cewa a fara biyan haya duk wata. Google ta yi shekaru tana karɓar hotuna ba iyaka, da mutane suka saba sai ta rufe ƙofar a 2021. Sun kuma san halin ɗan Adam: yadda ya tarar da abu haka yake barinsa. Kai za a gaya wa? Atamfar da kake so ta fita ita kake shimfiɗawa a gaba, kaɗan ne ke cewa a sauko da ta saman kanta. Ku da kuke bayar da ƙarƙashin matakala haya, yau ga waɗanda suka ba ku hayar ɗakin da ba ku taɓa ganin ƙofarsa ba. Ina "ko da me ka zo an fi ka" ɗin?

Don zumunci, ga magani. A cikin Word ka shiga File, sai Options, sai Save, ka zaɓi a riƙa ajiyewa a kan kwamfuta. Littafin bashi dai ka bar shi a wuri biyu, ka ƙara da filashi a aljihu. Kuma kada rowa ta sa ka hau goge abin da ke gajimare don gudun haya, abin da ka goge can yana ɓacewa a kwamfutar ma. In ka riga ka yi, yana kwandon shararsu har kwana 30.

Kuɗin karatu ka haɗa min da kuɗin sharar bana da na bara. A hannu nake so, kada ka ce min suna gajimare.