Hayin Titi

Dattijon da ya ɗauko ni daga filin jirgin Johannesburg ɗan unguwar Alexandra ne. Watan Yuli ne, hunturunsu na tsakiya. Kwana huɗu muka yi muna yawo a tsohuwar motarsa. Ina ce masa Baba, ashe su ma Zulu haka suke kiran manya.

A Sandton na sauka, unguwar bankuna da kasuwar hannun jari, wadda suke wa kirari da wuri mafi arziki a Afirka. Kwalta sumul, bishiyoyi sun yi wa titi rumfa. Gidajen kuwa ba ka ganinsu, sai katanga, samanta wayar lantarki, bakin ƙofa maigadi a ɗan akurkinsa yana ƙudundune cikin bargo. Wasu layukan an gindaya musu ƙarfe, sai ka rubuta sunanka kafin a ɗage. In an ɗauke wuta, janareta da faifan sola su karɓa. In famfo ya ƙafe, akwai burtsatse a tsakar gida. Mai gidan ya daɗe da daina jiran gwamnati, don haka ya daina tambayarta.

Babban titin M1 na nan tsakanin Sandton da Alexandra. Da muka haye, sai ɗakunan langa-langa manne da juna, gidaje da yawa na layi a famfo ɗaya, kwata na bin tsakiyar lungu. Kogin Jukskei ya ratsa unguwar, duk damina sai ya kwashe wa mazauna gaɓarsa tabarma da tukunya. Daga ƙofar ɗakin Baba kana hango benayen gilashin Sandton suna walƙiya.

Muna shan shayi ya ba ni tarihi. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata kashi 7 cikin ɗari na ƙasar kakanninsu, a 1936 aka kai shi 13. A 1950 aka yi dokar da ta yanka wa kowane launi unguwarsa. Ya ɗauko mini takardar fas ta mahaifinsa, wadda suke kira dompas, duk ta ƙoƙe da gumi. Da ita baƙar fata ke shiga unguwar Turawa ya yi aiki ya fita. A kanta ne 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville a 1960.

Amma abin da ya fi ci masa rai makaranta ce. A 1953 aka tsara wa 'ya'yan baƙar fata ilimi na daban, wanda zai ishe su dako da wanke-wanke kawai. Minista Verwoerd bai ɓoye ba, ya ce bai ga amfanin koya musu lissafi ba. Baba yana saurayi ɗalibai suka fito a Soweto ranar 16 ga Yuni, 1976, aka buɗe musu wuta.

"A Afrilun 1994 tun asuba na bi layin zaɓe," in ji shi. "Na jefa ƙuri'a ina hawaye."

Na ce, "To Baba, ai kun ci nasara."

Ya juya cokali a kofi. "Dokokin sun tafi, ɗana. Waɗansu da muka sha barkonon tsohuwa tare sun haye titi, sun shiga gidajen, sun ƙara wa katangar tsawo. 'Ya'yansu na makarantar kuɗi. Jikata kuwa, in ta makara, a tsaye take ɗaukar darasi. Muna ganinsu duk shekara biyar, su zo da riguna masu hotonsu da ƙullin abinci. Sauran lokaci jiniyarsu muke ji, mu kauce."

Ya mayar da takardar cikin gwangwaninta. "Bature sai da ya rubuta doka, ya buga fas, ya sa ɗan sanda. Ɗan'uwanka ba ya buƙatar ko ɗaya. Yunwa ta ishe shi tsare ka inda kake. Shi wancan, duniya ta gan shi ta yi masa ca. Wannan fa, wa za ka kai wa ƙara?"

Ranar tafiyata muka yi sammako. A gadar Grayston mata ke ta hayewa zuwa Sandton a ƙasa cikin sanyi, za su je su dafa, su share, su goya 'ya'yan wasu, su dawo bayan magariba su tarar nasu sun yi barci. Babu wanda ya tambaye su takarda.

Danja ta tsayar da mu. Baba ya dube ni ta madubi.

"Ku a can fa?"

Na ce, "Mu duk fatarmu ɗaya."

"Kun dace," in ji shi.

Wani yaro ya matso jikin motar, ƙafa ba takalmi, kaushi ya tsattsage masa dunduniya, ya miƙo 'yar roba. Ban san yarensa ba, amma ban tambayi Baba abin da yake cewa ba. Kafin na zuge gilashi, wuta ta ba mu hannu.