Mitar da Ba Ta Zuwa Hutu

Tun da Amazon ya buɗe AWS a 2006, kamfanonin manhaja suka huta da sayen manyan kwamfutoci. Haya ake yi ta intanet, kowa ya biya gwargwadon abin da ya ci. Daɗin ji ke nan. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne mitar ba ta san Asabar da Lahadi ba. Injiniya zai kunna kwamfuta ranar Juma'a don ɗan gwaji, ya manta da ita ya wuce biki. Baiwar Allah tana can tana lissafi, har ranar da akanta zai buɗe takardar kuɗi ya yi salati.

Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa sai an biya, tamkar mai masaukin da ya tarbe ka da lale marhabin, ranar tafiya ya tare ƙofa da rasit. A 2024 ne Google da Amazon suka yafe wannan kuɗi, shi ma ga masu ƙaura kawai.

Wasu dai sun gaji. Dropbox ya kwashe yawancin kayansa zuwa rumbunan kansa, ya ce ya rage kusan dala miliyan 75 cikin shekara biyu. Kamfanin 37signals ya kashe dala miliyan 3.2 kan wannan haya a 2022, sai ɗaya daga cikin masu kamfanin, David Heinemeier Hansson, ya sayo kwamfutocin Dell, kuma bai bar kowa ya huta da labarin ba.

Netflix kuwa ya kammala tarewa a AWS tun 2016, har yau bai motsa ba.