Zaɓen Bindigar Farauta Ga Mai Raunin Hannu

Bindigar farauta kaya ce ta hannu biyu. Duk wanda ya ƙera ta, a maƙerar bayan kasuwa yake ko a masana'antar Rasha, ya ƙera ta ne da zaton mai ɗaukarta yana da yatsu goma masu jin magana. Hannu ɗaya ya tallafe ta daga ƙasa, ɗayan ya damƙe wuyanta, babban yatsa ya ɗana, manuniya ta ja kunama, sauran ukun su riƙe kada ta kufce. A hannun ɗan Adam akwai ƙasusuwa 27, kuma guda ɗaya idan ya tsage, sai duk wannan tsari ya watse.

Raunin hannu a wajen mafarauta kashi biyu ne: akwai wanda ake faɗa, akwai wanda ya faru. Wanda ake faɗa yakan kasance haurin gadu, ko cizon kura, ko fashewar bindiga. Na ƙarshen nan sau da yawa gaskiya ne, domin bindigar toka idan aka cika mata albarushi, ko tsatsa ta ci bututunta, tana tsagewa, kuma hannun da ke tallafe da ita shi ke ɗaukar hukunci. Wanda ya faru kuwa ba kasafai yake da daɗin ji ba. Misalin da za a bi a nan na mai wannan rubutu ne, wanda ragon layya ya fizge igiya ranar jajibirin Sallah alhali igiyar tana naɗe a hannunsa na dama. Manuniya ta karye, ta tsakiya ta goce, babban yatsa ya kumbura. A majalisa an ba da labarin cewa wata dabba ce mai ƙaho ta far masa, kuma har gobe babu wanda zai ce an yi ƙarya.

Kafin a je ga bindiga sai an gama da ɗori. Karayar yatsa takan haɗe cikin mako 4 zuwa 6, ko a hannun maɗori aka yi ko a asibitin ƙashi irin na Dala da ke Kano. Abin da ke daɗewa shi ne sandarewar gaɓa, musamman ga wanda aka ce ya riƙa motsa yatsan kullum ya ce sai gobe. A misalin da ake magana a kai, manuniya ta fito daga ɗauri a miƙe, ta ƙi lanƙwasa, mai ita yana yawo cikin gari kamar wanda bai idar da zaman tahiya ba. Yatsan da ba ya lanƙwasa ba ya jan kunama. Daga nan ne zaɓen bindiga ke farawa.

Abubuwa uku ake aunawa: nauyin bindiga, taurin kunama, da dukan da take yi wa mai ita idan ta tashi. Biyun farko suna da sauƙin ganewa. Bindigar tsuntsu ta zamani takan kai kilo 3 zuwa 3 da rabi, kunamarta kuma tana bukatar ja mai nauyin kilo 2 ko fiye. Na ukun ne ke yaudarar masu jinya. Tun 1687 Isaac Newton ya rubuta cewa duk ƙarfin da ya tura abu gaba, akwai kwatankwacinsa da ke komawa baya. Harsashi ya yi gaba, gindin bindiga ya yo baya, kafaɗa da tafin hannu su karɓi saƙo. Bindiga mai nauyi tana shanye wani sashe na dukan, marar nauyi kuwa tana miƙa shi cif-cif. Mai ciwon hannu idan ya shiga zaɓe, ransa yana kai shi ga wadda ta fi sauƙin ɗauka, wato dai wadda ta fi iya duka. Babu bindigar da ta warware wannan rikici gaba ɗaya, sai dai a yi ciniki tsakanin hannu da kafaɗa.

Akwai kuma abu na huɗu da littattafai ba sa lissafawa, shi ne masu ba da shawara. Kowane mai shawara yana zaɓa ne da lafiyayyen hannunsa, kuma galibi bindigar da yake yabo tana jingine a ɗakinsa tana jiran mai saye.

Bindigar toka ita ce ta farko da ake kawowa, saboda arha da kuma kunyar iyaye da kakanni. Ga mai raunin yatsa ita ce mafi wahalar sha'ani. Ɗurinta kaɗai aiki ne na yatsu: a tsayar da ita, a zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a danna da ƙarfe, a zuba harsashi, a sake toshewa, sannan a ja kunnenta baya da babban yatsa. Ma'aunin albarushin kuma yana hannun wanda ya ɗura. Da mai wannan rubutu ya kasa ɗurawa da kansa, wani tsohon maƙeri ya yi masa alfarma, ya tabbatar masa da cewa ɗan kaɗan ya sa saboda larura. Aka sami zomo a gindin sabara, aka ja kunama da yatsan tsakiya. Hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe, sai ga zomo yana nan inda yake yana kallo, ga mafarauci zaune cikin ƙarangiya taku biyu a bayan inda ya tsaya.

"Baba, ashe wannan shi ne kaɗan?"

"Kaɗan ne mana, ɗan nan. Da na sa maka irin nawa, ai da sai an bi sawu kafin a gan ka."

Ka'idar da aka samu a nan ita ce, bindigar da ƙarfinta ke canzawa gwargwadon fara'ar mai ɗuri ba ta dace da hannun da ke jinya ba.

Bindiga mai baki biyu ta fi kwarjini, kuma nauyinta yana rage duka. Aibinta yana wajen kunama. Tsofaffin samfuri suna da kunama biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowace da bakinta. Idan aka ja ta gaba, ƙarfen da ya zagaye kunamun yakan dawo ya bugi yatsan tsakiya, abin da ko masu lafiya suna kuka da shi. Doka a nan ita ce yatsa ɗaya ke aiki, ya ja ta farko sannan ya zame zuwa ta biyu. Mai sandararriyar manuniya yakan ga kamar ya fi maƙera dabara, ya sa yatsu biyu, kowace kunama da nata. Sakamakon sananne ne ga duk wanda ya san bindiga: girgizar harbin farko ta sa yatsa na biyu ya matse, bakuna biyu su tashi lokaci guda. An gwada wannan da bindigar aro ta wani taubashi, a kan garken zabi da ke kiwo a gonar da aka girbe. Zabi suka tashi lafiya lau, kafaɗa ta yi shuɗi har mako ya zagayo. Taubashin bai karɓi ko sisi na aro ba. Labarin da ya samu ya ishe shi riba, kuma yana ci gaba da cin moriyarsa a kowane taron suna.

Raifal, wato bindigar da aka yi wa tsaga a cikin bututu don harsashi ya fita yana juyawa, ita ce ta dogon zango. Mafi yawan na farauta masu sakata ne, bisa tsarin da kamfanin Mauser na Jamus ya fitar a 1898: a ɗaga sakata, a ja baya, a tura gaba, a kwantar. Ana iya yin wannan da tafin hannu ko da yatsu sun yi yaji, kuma kunamarta ta fi ta bindigar tsuntsu laushi. Masu rauni sukan so a ƙara sassauta ta, amma kunamar da ta yi laushi fiye da kima tana tashi da tuntuɓe, don haka aikin gwani ne, ba na mai gyaran keke ba. Babbar magana ita ce girman harsashi. Akwai irin su .375 da wani kamfanin Landan ya fitar a 1912, wadda ake fuskantar ɓauna da ita. Masu shawara suna ambatonta da shauƙi, ko da yake ɓaunar da suka taɓa gani tana Yankari, inda aka haramta farauta. Hannun da rago ya kayar ba shi da hurumi a wannan aji.

A ɗaya gefen akwai ƙaramar .22, wadda harsashinta ya fito a Amurka a 1887. Ƙwayarsa ba ta kai giram 3 ba, dukanta kuwa kusan babu. A ra'ayin mai wannan rubutu, idan hannu kaɗai za a duba, babu wadda ta kai ta. Tana kayar da zomo, da kurege, da gafiya, da zabon da ya tsaya, a tazarar da ba ta wuce mita 50 ko ɗoriya kaɗan ba. Sai dai ƙwaya ɗaya take fitarwa, ba ta yafe karkarwar hannu, kuma harbin babbar dabba da ita zalunci ne, domin rauni za a yi mata ta je ta mutu a inda ba za a amfana ba.

Wasu sukan ce tun da dama ta gaza, a koma hagu. Shawara ce mai ma'ana, amma tana da tarko a ido. Kusan kowane mutum yana da ido ɗaya da ke jagorancin saiti. Ana gane shi ta hanyar nuna wani abu mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe, sannan a rufe su ɗaya bayan ɗaya. Idon da ya bar yatsa a kan abin idan shi kaɗai ne a buɗe, shi ne shugaba. Wannan ne gwaji ɗaya tak da miƙaƙƙiyar manuniya ta yi wa amfani. Wanda idonsa na dama ne shugaba, idan ya ɗora bindiga a kafaɗar hagu bai rufe idon ba, harbinsa yana karkata dama. An tabbatar da haka a gefen wata fadama, inda aka auna kututturen giginya aka sami kabewar wani manomi. Manomin ya yi mata kuɗi irin na kabewar da za a kai gasa. Uwargida ta yi miya da ita, ta kuma lura cikin ladabi cewa, "Malam, yau dai an ci naman farauta." Ƙarin matsala ita ce yawancin raifal sakatarsu tana dama, masu sakata a hagu kuwa suna da wuyar samu. Komawa hagu yana yiwuwa, amma yana son watanni na atisaye a wurin da babu shuka.

Duk wannan lissafi sai ya bi ta ƙofar hukuma. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar tsuntsu, da raifal ta farauta, da bindigar iska suna ƙarƙashin Sufeto Janar. Sauran an haramta su sai da izinin Shugaban Ƙasa, ciki har da raifal masu harsashin soja kamar .303, irin wadda tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙe. Bindigar tsuntsu mai ɗura kanta, wadda a zahiri za ta hutar da mai rauni, ba ta cikin rukunin da ake bai wa mutum a matsayin tasa ta kansa. Takardar likita ba ta sauya wannan rabo.

Abin da ya rage a aikace, ga mafi yawan masu wannan larura, shi ne bindigar tsuntsu mai baki ɗaya wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi, irin Baikal da ake ƙerawa a garin Izhevsk na Rasha. Kunama ɗaya ce, yatsan tsakiya yana iya ja, kuma samfurin da ba shi da kunnen ɗanawa a waje yana hutar da babban yatsa. Lambar 12, mai faɗin baki kusan milimita 18 da rabi, ita ce ta fi yawa, harsashinta kuma ya fi samuwa. Lambar 20 ba ta kai milimita 16 ba, ta fi tausayin kafaɗa, amma harsashinta sai an nema. Tun da mai baki ɗaya ba ta da nauyi, dukanta yana da zafi, saboda haka ana liƙa roba mai kauri a gindinta. Ta kanti ta fi kyau. Ta tsohon silifa ma tana aiki, muddin an tabbatar mai silifan ya daina bukatarsa.

Sai gwafa. Masu farautar manyan dabbobi a kudancin Afirka suna ɗora raifal a kan sanduna uku da aka ɗaure, kuma ba wanda ke ganin gazawarsu. Gwafa mai tsayin ƙirji tana ɗauke nauyin bututu, ta bar wa hannu aikin saiti kawai. Illarta ita ce lokaci: kafin a kafa ta, a daidaita, a lallaɓo yatsa, fakara ta daɗe da sallama. Ta fi dacewa da farautar kwanto a bakin ruwa, ba ta kora da karnuka ba.

Mutum ɗaya mai hannu ɗaya da rabi ba ya ɗaukar bindiga da gwafa da gora da jaka, don haka ana bukatar ɗan rakiya. A nan an ɗauki ɗan ƙanwa, bisa yarjejeniyar cewa cinya ɗaya tasa ce daga duk abin da aka kayar. Da kaka ta wuce aka shiga rani babu cinya, yaron ya nemi a sake zama. "Kawu, ko dai a mayar da ladan nawa kuɗi? Nama yana da wuyar sha'ani." An amince, ana biyansa kowace fita, kuma an ƙara masa wani abu a kan sharaɗin cewa abin da ya gani a daji ya tsaya a daji.