Tarwadar Kallo

A Turai akwai masu ajiye tarwada cikin akwatin gilashi a falo, don kallo kawai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi so, Corydoras, 'yar Amurka ta Kudu ce, ba ta wuce ɗan yatsa ba. Har ruwa mai sanyi-sanyi suke zuba mata, ta ɗauka damina ta faɗi, ta manna ƙwai jikin gilashin. Sai murna, kamar amaryar gidan ce ta haihu.

Tamu kuwa ba ta san gata ba. Ka sa ta a gilashi, ta cinye maƙwabta, ta tunkuɗe murfi da dare, ta bi daɓen falo tana shaƙar iska abinta. Wannan dai ta farfesu ce, jama'a.